Kafin ka ƙara wa Mustang dawaki

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Zariya ne, shekarata 9 a Houston ta jihar Texas. Ina da Ford Mustang GT ƙirar 2016 mai giyar hannu, ta ci mil 78,000. Na canja mata bututun shaƙar iska da salansa, an kuma sake saita mata kwamfuta a kan fetur mai lamba 93. Sauran kaya duk na kamfani ne, sai tayoyi da na canja da masu sauƙin kuɗi shekara 4 da suka wuce, lamba ɗaya da na asali, 235/50R18. Yanzu na tara dala 10,000. Abokaina na dandalin masu motoci sun ce in ba sufacaja (na'urar cusa wa inji ƙarin iska) na saya ba, ɓarnar kuɗi na yi. Akwai wani mai Challenger Hellcat da ya hana ni shan ruwa da tsiya. Wani bakanike kuma ya ce in cire tukunyar tace hayaƙi, in sa dogayen bututai, in koma man E85, wato fetur mai haɗin etanol. Da motar nake zuwa aiki kullum. In na taka da ƙarfi a giya ta ɗaya ko ta biyu, bayanta yakan yi ta tsalle yana bubbugawa, sau ɗaya ma ta juya da ni ana ruwa. Tun ranar maiɗakina ta ce ba ta hana ni sha'awata ba, amma ita da yaro sun daina shiga. Me zan fara saya?

Ɗan'uwanku a Houston

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. A karon farko idona ya tsaya a kan dala 10,000 ɗin nan, kamar yadda idon abokanka ya tsaya. A na biyu ne na lura da abin da ka tura can ƙasa kamar ba wani abu ba: bayan motar yana tsalle, kuma ta taɓa juyawa da kai. Motar ta riga ta gaya maka abin da take bukata tun tuni, hayaniyar mai Hellcat ce ta hana ka ji. Don haka zan faɗa maka tun yanzu, kada ka sha wahalar nema a ƙarshe: bana ba shekarar sufacaja ba ce. Ka fara da taya, da ƙafar baya, da birki, da hannunka kai direban.

Injin da ke cikin motarka, wanda Ford ke kira Coyote, mai lita 5.0 da silinda 8, ya fito daga kamfani da ƙarfin doki 435. Abin da ka yi masa ya ɗan ƙara wani abu, mafi yawansa daga saitin kwamfuta. Salansa kuwa, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, kunne ta fi yi wa aiki. Duk wannan ƙarfi ta tayoyi biyu na baya yake bi ya isa kwalta, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannunka da yawa ba. Faɗin tayarka milimita 235 ne, irin wanda za ka gani a ƙarƙashin motar kai yara makaranta, roba ce ta rani da damina da sanyi, ga ta mai araha, ga shekara 4 a zafin Texas. Dawakin da kake da su yanzu ma ba su samu wurin taka kofato ba, kai kuma kana shirin ƙaro wasu 200 a bargar.

Kada ka ɗauki maganata, dubi abin da masu ƙera motocin suka yi da kuɗinsu. A shekarar da aka yi motarka, Ford na sayar da wani ƙarin kaya mai suna Performance Pack ga mai son GT ɗinsa ta fi sauran. Ko doki ɗaya ba a ƙara wa injin ba. Abin da aka ba mai saye shi ne tayoyin zafi masu faɗin 255 a gaba da 275 a baya a kan rim mai inci 19, birkin Brembo mai fistin 6 da faifai mai inci 15, lagireto mafi girma, ƙafafu masu tauri, da giyar baya mai lamba 3.73. Da kuma suka tashi fitar da Shelby GT500 ta 2020 mai doki 760, ba ɗora sufacaja suka yi a kan GT suka tafi ba. Sun ƙarfafa cikin injin, sun kawo wani giyabos daban na kamfanin Tremec, sun sa faifan birki mai inci 16.5, sun cika gaban motar da na'urorin sanyaya. Shi ma abokin tsiyarka, tarihin motarsa darasi ne. Hellcat ta fito a 2015 da doki 707 a kan taya mai faɗin 275, kowa ya shaida hayaƙin taya ta fi iyawa. A 2018 Dodge ya faɗaɗa mata jiki ya sa 305, ita kuwa 'yar'uwarta Demon ta wannan shekarar da tayoyin tsere masu faɗin 315 aka sayar da ita tun daga kamfani. Injiniyoyin da ke da kuɗin gwaji fiye da ni da kai, duk lokacin da suka ƙara ƙarfi sai sun koma sun biya bashin taya da birki.

Akwai tambayar da ba ka yi wa kanka ba, ita ce kuma ke raba kuɗin: motar nan ta mece ce? Mai son tseren miƙe na rubu'in mil, wato mita 402, kayansa daban. Mai son filin tsere mai kwanoni, nasa daban, har ma wani lokaci abin da ya gyara wa wancan shi ke ɓata wa wannan. Kai ka riga ka amsa ba tare da ka sani ba, tunda ka ce da ita kake zuwa aiki kullum. Motar cin abinci ce da ake wasa da ita ranar hutu. Duk abin da za ka sa mata dole ya jure cunkoson safiya, da zafin watan Agusta, da ruwan Houston da kan sauko kamar da bakin ƙwarya.

Kafin ka sayi ko kusa ɗaya, kai ta a auna lafiyar injin. Mil 78,000 ba tsufa ba ne ga Coyote, amma ba ƙuruciya ba ce. Ka ce a gwada matsin kowace silinda, a kuma yi gwajin yoyon iska, wanda ake hura iska cikin silinda a ga nawa ke zurarewa ta ringi ko ta bawul. Lambobin silinda 8 ɗin su zo kusa da juna. In ɗaya ta yi ƙasa sosai da 'yan'uwanta, maganar ƙarin ƙarfi ta tsaya ke nan sai an san dalili. A ciro fulogogi a duba launinsu, a canja man giyabos da na giyar baya in ba ka taɓa yi ba, a duba shokazoba. Ka kuma nemi wanda ya saita maka kwamfuta ya ɗauki bayanan injin yana gudu, ya nuna maka ko kwamfutar tana ja da baya saboda ƙwanƙwasa. In ya ce ba ya yin wannan, ka san irin wanda ka ba amanar injinka.

Sai taya, kuma a nan nake so ka buɗe hannu. Durƙusa gefen motar ka nemi rubutun da ya fara da DOT. Lambobi 4 na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Kada ka yi mamaki in ka tarar ta girmi shekara 4 ɗin da kake lissafi, don mai araha takan daɗe a sito kafin ta samu mai saye. Roba tana bushewa ta yi tauri ko da zanenta bai cinye ba, kuma taurin nan ne ya juya da kai ranar ruwa. Ka sayi rim mai inci 19 mai faɗi, ka ɗora masa tayar zafi ta ƙwarai, irin su Michelin Pilot Sport 4S ko takwararta ta Continental, aƙalla 275 a baya. Mutane da yawa kan sa faɗi ɗaya a ƙafa huɗu don su riƙa juya su gaba da baya, kuma hakan yana rage wa motar turjiya a kwana. Houston ta yi maka gata a nan: sanyinta ba ya daɗewa, don haka tayar zafi za ta yi maka kusan duk shekara, sai dai ka yi hattara a 'yan kwanakin da sanyi ya kai ga ƙanƙara, lokacin robar takan sandare. Abokanka za su ce ka sa tayar tseren miƙe irin ta Mickey Thompson ko Nitto. A busasshiyar kwalta tana kama ƙasa kamar ƙaska, amma zanenta kaɗan ne, in ruwa ya kwanta a hanya sai ta hau kansa ta yi iyo. In ranka ya biya, saya mata rim nata daban, ka ɗaura ranar zuwa fili ka kwance in ka dawo. Bayan sabuwar taya a daidaita ƙafafun huɗu duka, ba na gaba kaɗai ba.

Tsallen nan na baya kuwa ba aljanu ba ne, kuma ba motarka kaɗai ke yi ba, halin wannan zubin ne. Kafin 2015, Mustang GT da aksil guda miƙaƙƙe take tafiya a baya, kamar a-kori-kura. Daga 2015 aka ba kowace ƙafar baya 'yancin motsinta, aka ɗora komai a kan wani firam da aka ɗaure da jikin mota ta kan bushin roba masu laushi, don kada ƙara da girgiza su dami na ciki. A tafiyar yau da kullum abin ya yi kyau ƙwarai. Amma in ka saki kuloci da ƙarfi, taya takan kama, robar ta lanƙwashe, taya ta suɓuce, robar ta dawo da ƙarfi, taya ta sake kamawa, haka sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Bugun da kake ji ke nan. Kowane bugu guduma ce a kan sandunan da ke juya tayoyin baya da mazaunin giyar baya, kuma ta haka suke karyewa. Daga yau, da zarar ta fara, ɗaga ƙafarka daga totur. Dannewa ba ta fitar da kai daga ciki. Maganinsa sananne ne, kamfanoni irin su Steeda da BMR suna sayar da ƙarafan da ke kulle firam ɗin ya daina rawa, da sanduna masu ƙarfi a madadin na asali. Haɗa da sababbin shokazoba na baya, tunda naka sun sha hanya. Ka sani za ka ɗan ƙara jin ƙara da girgiza a cikin mota. Kada ka bi shawarar mai cewa a cire roba duka a sa ƙarfe zalla, wannan na motar da ba a zuwa aiki da ita ne. In ka tsallake wannan mataki ka ɗora sufacaja, gudumar ce kawai ka ƙara wa nauyi.

Birki ba ya burge kowa a dandali, shi ya sa ba wanda ya ambata maka shi. Lissafinsa kuwa ba ya sassauci: in gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai haɗiye kafin mota ta tsaya ninki huɗu yake yi. Motar da nauyinta ya kai wajen kilo 1,700, tsayar da ita daga mil 120 a awa aikin tsayawa huɗu ne daga mil 60. Birkin da ke kan GT ɗinka mai fistin 4 ba rago ba ne, ya ishi titi. Rauninsa yana cikin mai. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, Houston kuwa gidan danshi ce. Ƙa'idar man birki mai lamba DOT 4 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salsiyas, amma wanda ya sha ruwa an yarda ya sauko har 155. In ya tafasa a cikin bututu sai ya zama tururi, ka taka feda ta tafi ƙasa kamar ka taka soso. Ba ka ambaci ranar da ka canja shi ba, ina kyautata zaton wanda ke ciki ya daɗe. A zubar da shi duka a sa sabo mai jure zafi, a sa takalman birki masu kyau na titi. Kada ka sayi na tsere zalla, ba sa kamawa sai sun yi zafi, ga kuka kamar tsohuwar ƙofa. In gaba ka ga kana yawan zuwa fili mai kwanoni, Brembo ɗin nan mai fistin 6 yana hawa motarka, amma ba ya shiga rim ɗinka na inci 18. Shi ya sa na ce ka sayi na 19, kuma ka tambayi mai sayarwa ko zai ba wannan birkin wuri, kada ka biya kuɗin rim sau biyu.

Duk abin da na lissafa zuwa nan, in ba ka bi rim na ƙawa ba, bai kamata ya cinye rabin kuɗinka ba. Daga abin da ya rage ka cire kaɗan ka kashe a kanka. Na san wannan ita ce maganar da namiji ba ya son ji, kowa gani yake da tuƙi aka haife shi. Amma ka ga bidiyoyin nan da suka cika intanet, na Mustang tana fitowa daga taron motoci ta kwashe ta yi kan 'yan kallo, har abin ya zama abin yi wa masu Mustang ba'a a duk Amurka. Yawancinsu labari ɗaya ne: taya mai sanyi, an kashe na'urar hana sulɓi don a burge jama'a, baya ya zame, direba ya firgita ya saki totur gaba ɗaya, mota ta fizgo ta ɗaya ɓangaren. Wannan ba a koyonsa a titi. Ƙungiyar SCCA tana shirya wasan zagaye robobi a manyan filayen ajiye motoci, gudun ba shi da yawa, in ka kuskure roba kawai za ka ture. Akwai filin MSR Houston kusa da Angleton, inda ake ranakun koyo da malami zaune a gefenka. In miƙe kake so, Texas Motorplex na Ennis tafiyar wajen awa 3 ce daga wurinku. Ka tafi da hular kwano, don dokar NHRA, ƙungiyar da ke kula da tseren miƙe, ta wajabta ta ga duk motar da ta yi daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka, taka kuwa wajen 13 take yi tun daga kamfani in direba ya iya. Ka kuma karanta takardar inshorarka kafin ka tafi, yawancinsu ba sa biyan abin da ya faru a filin tsere.

A filin miƙe za a miƙo maka 'yar takarda bayan kowane gudu. Kowa lambar ƙarshe yake dubawa. Kai ka dubi ta farko, lokacin da ka ɗauka kafin ka cinye ƙafa 60 na farko. Tsofaffin 'yan tsere suna cewa duk abin da ka rage a nan, kusan ninkinsa biyu kake ragewa a ƙarshen layi, kuma wannan lamba aikin taya ne da ƙafar baya da yadda kake sakin kuloci. A nan ne za ka iya ba abokinka mamaki. Hellcat ta fi motarka nauyi da wajen kilo 300, in kuma direbanta ya tsaya yana ƙona taya a layin farko, dawakinsa 707 kallo suke yi. Ban yi maka alkawarin za ka cinye shi ba, in ya iya tashi zai wuce ka. Amma ku yi ta a fili. Tseren titi laifi ne a Texas, ana iya kama mutum a tafi da motarsa, kuma ga baƙo a ƙasar mutane, kamun 'yan sanda yakan biyo shi har teburin takardun zama.

To, sufacajar fa? Ba haramta maka ita na yi ba, kuma Coyote inji ne da ke karɓarta da kyau. Aikinta cusa iska. Iskar da muke shaƙa a bakin teku matsinta 14.7 ne a ma'aunin psi. In na'urar ta ƙara 9 ko 10 a kai, injin ya samu fiye da rabin abin da yake shaƙa a da, a haɗa da fetur daidai gwargwado, ƙarfi ya tashi. Kayan Roush na matakin farko da aka yi wa Mustang ta 2015 zuwa 2017 doki 670 aka rubuta musu. Sufacaja iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai zama a saman inji, irin ta Roush da Whipple, wadda ke ba da ƙarfi nan take tun injin yana ƙasa-ƙasa. Daɗi a cikin gari, azaba ga tayar baya. Akwai kuma mai kama da katantanwa, irin ta ProCharger da Vortech, wadda ƙarfinta ke hauhawa yayin da injin ke ƙara juyi. Tashinta ya fi sauƙin sarrafawa, kuma ta dace da injin da ke son juyawa har 7,000 a minti. Ga mai giyar hannu da ke tuƙi cikin ruwan sama, ni ta biyun na fi karkata gare ta, ko da yake na san masu Whipple za su aiko mini da wasiƙun faɗa.

Abin da abokanka ba su lissafa maka ba shi ne 'yan rakiyarta. Kuɗin na'urar da na ɗaurawa kaɗai za su lashe kusan duk abin da ka tara. Kulocinka na asali da ya ci mil 78,000 ba zai daɗe ba zai fara sulɓi, sai ka nemi mai faifai biyu. Giyabos ɗinka, Getrag MT82, dama an san shi da gardamar shiga giya in injin ya yi sama, ƙarin ƙarfi ba ya gyara masa hali. Haƙoran famfon baƙin mai na Coyote da garin ƙarfe aka matse aka yi su, masu ƙara ƙarfi sukan canja su da na ƙarfe sassaƙaƙƙe tare da haƙorin kacar da ke kan karanshaf, domin in suka fashe mai ya daina zagayawa, injin ya tafi cikin daƙiƙoƙi. Aikin kuma sai an buɗe gaban injin. Ga sandunan tayoyin baya, ga fulogogi, ga inshora da ya kamata ka sanar da su. Sannan matsin injinka 11 ne a kan 1, mai yawa ne tun asali, fistin ɗinsa kuma na zubi ne. In iska mai zafi ta haɗu da fetur maras kyau ko saiti na ganganci, man yakan fashe da kansa ba bisa ƙa'ida ba, ya riƙa dukan kan fistin har gefensa ya ɓalle. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon irin wannan fistin a tafin hannun bakanike, mai motar yana gefe ya rasa bakin magana. Duk kuɗinsa ya zuba a na'urar, bai bar ko sisi na gyara ba, motar ta yi watanni a rufe da tamfol. Mai ɗora sufacaja a motar da yake zuwa aiki da ita, ya kamata ya kasance yana da kuɗin wani injin a ajiye, ko wata motar a ƙofar gida.

Shawarar bakaniken nan kuwa, rabinta ka watsar. Tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawanmu na gida ke kira indomi suna fasawa a sayar, a Amurka cire ta daga motar da ke hawa titi saɓa wa dokar tsaftar iska ta tarayya ne, kuma tun gyaran 1990 haramcin ya haɗa da mai motar kansa. Kada ka ruɗu da cewa Texas ta soke duba lafiyar motocin gida daga 1 ga Janairun 2025. Gwajin hayaƙi yana nan a gundumar Harris, inda Houston take. Na'ura ake jona wa kwamfutar motar, in ta tarar an rufe bakin na'urorin da ke sa ido a kan tukunyar, ba za ka samu sabunta rajista ba. Duk abin da za ka saya na inji, har da sufacajar in lokacinta ya yi, nemi mai lambar amincewa ta hukumar CARB ta Kalifoniya. Ita ce hujjarka cewa kayan bai taɓa tsarin hayaƙi ba.

E85 dabam ne, halal ne a doka, kuma yana da amfani na gaske: yana jure matsi fiye da fetur, yana kuma sanyaya cikin silinda. Sai dai injin yana shan kusan kashi 30 cikin 100 fiye da yadda yake shan fetur, don haka sai an sa nozul manya an sake saiti, tankinka kuma zai riƙa ƙarewa da wuri. Sunan ma yana yaudara, domin sinadarin etanol da ke ciki yana iya kamawa daga kashi 51 zuwa 83, ya danganta da gidan mai da lokacin shekara. A injin da ba a cusa wa iska ribarsa kaɗan ce. Sai an ɗora sufacaja yake nuna kansa. Ka ajiye shi tare da ita. Haka ma canja giyar baya: in taka 3.31 ce, komawa 3.73 zai ƙara wa tayar baya ƙarfin juyi da kusan kashi 13 cikin 100, motar ta ji kamar ta rage ƙiba. Amma in sufacaja na cikin shirinka na baɗi, bar ta yadda take, don gajeriyar giya da ƙarfi mai yawa hayaƙin taya kawai suke haifarwa.

Maganar maiɗakinka na bari ƙarshe da gangan. Ba ta ce ka sayar ba, ba ta ce kuɗin nata ne ba, cewa ta yi ita da yaro sun daina shiga, bayan ta ga abin da motar ta yi da kai. A cikin duk waɗanda suka ba ka shawara, ita kaɗai ce ta yi magana a kan yadda motar ke tafiya a ƙasa. Ka zauna da ita ka nuna mata lissafin: ga na taya, ga na birki, ga na gyaran baya, ga na koyon tuƙi, ga kuma abin da zai koma asusu. Kada ka roƙe ta ta shiga. In ta ga wata uku sun wuce kana fita kana dawowa, na'urar hana sulɓi a kunne, ba labarin juyawa, ita da kanta za ta yanke hukunci.

In ka je fili, ka aiko mini da lambar ƙafa 60 ta gudunka na farko da ta na ƙarshe, tare da sakamakon gwajin silinda 8 ɗin. Da su a hannu za mu zauna mu yi maganar ProCharger ko Whipple. A gaida maiɗaki da yaro.